Aska Takwas

Aska takwas sunan wani zanen aiki ne da ake ɗinkawa da hannu a ƙirjin babbar riga a ƙasar Hausa da ƙasar Nufe. Sunan ya fito ne daga siffofi takwas masu tsini kamar askar wanzami, waɗanda ake jerawa a wajen aljihu da kafaɗar hagu. Ƙanwarta ita ce aska biyu.

Da yawa suna ɗaukar asaken a matsayin kariya daga sharri da mugun ido. Da'irar da ke ƙirjin dama da bayan riga kuwa tambari ake ce mata, sunan gangar sarauta, abin da ke nuna mulki. A da, malamai ne suka fi zana aikin, saboda hannunsu ya saba da alƙalami, sannan maɗinka su bi da zaren tsamiya ko alharini. Riga guda takan ci watanni, kuma duk wanda ya san aikin hannu ba ya haɗa shi da na keke.

A Suleja, garin da Abu Ja na zuriyar sarakunan Zazzau ya kafa a 1828, irin wannan riga tufar manya ce ta hawan salla da naɗin sarauta.