Kuka 'Yar'uwar Kuɓewa Ce: Nazari Kan DNA Da Dangantakar Tsirrai Masu Fure

Tun 1753 da Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin ya fitar da littafinsa Species Plantarum, da ido masana suke rarraba tsirrai. A ƙirga sassan fure, a dubi ganye da 'ya'ya, waɗanda suka yi kama a tara su wuri guda. Har tsarin da Arthur Cronquist ya wallafa a 1981 bai bar wannan turba ba. Sai dai kama da wane ba ta wane. Tsirran da ba su haɗa kaka na kusa ba kan ɗauki siffa ɗaya idan muhalli iri ɗaya ya rene su.

A 1993 al'amarin ya juya. Mark Chase da wasu masana 41 suka kwatanta ƙwayar gado guda, mai suna rbcL, a tsirrai kusan 500. Ita ce ke ɗauke da umarnin ƙera sinadarin da ganye ke kamo iskar kabon da shi, don haka kusan kowane koren tsiro yana da ita, kuma a hankali take sauyawa. Hujjar a fili take: sauyin da ya auku a DNA gadonsa ake yi, saboda haka tsirran da suka yi tarayya a sauye-sauye masu yawa ba su daɗe da rabuwa ba. Daga nan ƙungiyar masana ta APG ta fitar da sabon tsari a 1998, ta yi ta gyara shi har zuwa na 2016 mai dangogi 416.

Yawancin tsofaffin dangogi sun tsira, kuma ya kamata a yaba wa magabata kan haka. Amma inda aka sami saɓani, ba ƙarami ba ne. Furen ruwan Asiya mai suna Nelumbo, wanda aka daɗe ana jingina shi da bado, ashe danginsa na kusa itatuwan tudu ne. Shi kuwa bado yana cikin rassan da suka fara ɓallewa, bayan Amborella, wani ɗan itace da ba ya fitowa ko'ina sai tsibirin Sabuwar Kaledoniya.

Misalin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na kuka. A da danginta daban ne tare da rimi, goro da koko suna nasu, lalo yana wani, sannan kuɓewa da auduga da rama da yakuwa suna na huɗu. DNA ta nuna iyakokin nan ba su bi asali ba, aka haɗe su duka a dangin Malvaceae. Yauƙin da ke miyar kuka da ta kuɓewa da ta lalo kuwa yana cikin alamomin wannan dangi. Alamar tana nan tun fil azal, girman itace da siffar fure ne suka ɗauke hankalin masu dubawa.

Ita ma rbcL tana da rauninta. Galibi ta wajen uwa kaɗai ake gadonta, alhali tsirrai suna yawan barbara tsakanin nau'i da nau'i. Shi ya sa binciken da lambun Kew na Ingila ya jagoranta a 2024 ya koma kan ƙwayoyin gado 353 daga cibiyar ƙwayar halitta, a nau'o'i sama da 9,500.

Abin da DNA ba ta iya yankewa shi ne suna. Ta tabbatar cewa itatuwan da ake kira Acacia, irin su bagaruwa da dakwara, ba zuriya ɗaya ba ce, dole a raba su. To, wa zai riƙe sunan? Bisa ƙa'ida, ɓangaren bagaruwa ne ya cancanta, domin ita ce ma'aunin sunan. Amma taron masana na Biyena a 2005 ya miƙa shi ga itatuwan Ostireliya, masu nau'i kusan dubu, taron Melbon na 2011 ya tabbatar. Bagaruwa ta koma Vachellia, dakwara ta koma Senegalia. A ganina rabawar ilimi ce, miƙa sunan kuwa rinjayen ƙuri'a ne, kuma masanan Afirka da suka ƙi amincewa suna da hujja. Ƙaron da Sudan da Chadi da Najeriya ke fitarwa daga dakwara, har yau da tsohon sunan kasuwar duniya ta san shi.