Daga Baraguzan Yaƙi Zuwa Titin Mota: Tarihin Sake Amfani da Tsohon Kankare

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bi sawun wata dabara ta masu aikin hanya, watau farfasa tsohon kankare a mayar da shi tsakuwar gina sabon titi. A ganinmu, tarihin dabarar ya rataya ne a kan tambaya guda: ina ya kamata a sa wannan tsakuwa a jikin titi?

Larura ce ta fara haifar da ita. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, biranen Jamus sun zama kufai, ga kuma ƙarancin kayan gini. A Frankfurt an kafa kamfani musamman a wannan shekara domin niƙa baraguzai a buga bulo da su. A Balin kuwa baraguzan sun fi ƙarfin masu niƙa, har aka tara wasu suka zama tudun da ake kira Teufelsberg. Sai dai akasarin abin da aka niƙa a lokacin jan bulo ne, kuma da baraguzan suka ƙare, sai aka koma wuraren fasa dutse kamar da.

Tashin farashin man fetur a 1973 shi ya farfaɗo da zancen, wannan karo a Amurka. Tsakuwa kaya ce mai arha a inda ake fasa ta, kuɗin tifa ne ke sa ta tsada. Ga manyan titunan kankare sun fara tsufa, ga wuraren zubar da baraguzai suna cika. A 1976 Jihar Iowa ta farfasa wani yanki na titi mai lamba 75, ta cire rodin da ke ciki, ta niƙa sauran, ta kwaɓa sabon kankare da shi. Jihar Mishigan ta ɗauki abin da zafi a shekarun 1980, musamman a babban titin I-94.

A nan ne matsalar ta bayyana, kuma ya kamata mu ɗan tsaya a kanta. Tsohon kankare in an niƙa shi ba ya komawa dutse zalla. Kowace ƙwaya tana fitowa da busasshen kwaɓin siminti da yashi manne a jikinta. Wannan kwaɓi ya fi dutse laushi, yana da ƙananan ƙofofi, yana kuma shan ruwa ƙwarai. Saboda haka sabon kankaren da aka yi da shi yakan fi tsukewa wajen bushewa, tsukewa kuwa ita ke jawo tsagewa. Abin ya fi muni in an haɗa har da garin da ke fita daga injin niƙa, domin shi kusan duk tsohon kwaɓi ne. Wasu titunan Mishigan sun tsattsage tun kwanansu bai kai ba, har jihar ta dakatar da sa irin wannan tsakuwa a kankaren saman titi a farkon shekarun 1990. Ba mu ga laifin kayan ba a nan. An ɗora musu aikin da ba nasu ba ne.

Injiniyoyin Ostiriya ne suka warware ƙullin, lokacin da suka tashi sabunta babban titin da ya haɗa Biyana da Salzburg a farkon shekarun 1990. Sun tankaɗe niƙaƙƙen kankaren, suka raba shi gida biyu. Garin suka gauraya da siminti a shimfiɗar ƙasa wadda titi ke zaune a kanta. Manyan ƙwayoyin kuma suka kwaɓa kankare mai kauri da su, sa'an nan tun bai bushe ba suka zuba masa wani siririn kankare a sama, kimanin santimita 4, na sabon dutse mai tauri, domin shi ne taya ke gurza. Ta haka tsohon titi ya koma cikin sabo kusan gaba ɗaya, sabon dutsen da aka ɗauko daga nesa kuwa ɗan kaɗan ne.

Har ila yau, a ƙasashe da dama mafi yawan niƙaƙƙen kankare a ƙarƙashin titi yake ƙarewa, a matsayin ciko, inda shan ruwansa ba ya cutarwa sosai. Ƙasar Holan, wadda ba ta da duwatsun fasawa sai kaɗan, ta hana zubar da baraguzan gini masu sake amfanuwa a juji tun 1997, kuma akasarinsu ƙarƙashin titunanta suke shiga.