Farautar Hunturu da Takurar Namun Dutse a Ƙasar Katsina: Darasi daga Duwatsun Alps

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta illar wasan sulu kan dusar ƙanƙara ga namun dutse a Turai da illar farautar gayya ga namun duwatsun ƙasar Katsina. Hujjarta ita ce yawan firgita dabba a lokacin ƙarancin abinci yana cutar da ita ko da ba a kashe ta ba. Ta ba da shawarar keɓe wuraren hutun dabbobi a ƙarƙashin sarautun farauta.

1.0 Gabatarwa

Da an gama kaka, matasa daga unguwannin birnin Katsina irin su Ƙofar Marusa da kuma garuruwan kewaye sukan yi gayyar farauta. Akan fita da karnuka da gora da barandami, ana kiɗan gangi, 'yan tauri na kirari. Wannan farauta ta bambanta da ta maharbi, wanda yake sanɗa shi kaɗai don neman abin sawa a bakin salati. Wasa ce ta nuna jarumta, kuma hayaniya ce ƙawarta. Yawancin muhawara kan tsaya ga adadin naman da aka kashe. Maƙalar nan ta karkata ga dabbar da ta tsira.

2.0 Abin da Aka Gano a Duwatsun Alps

A 2007, Raphaël Arlettaz na Jami'ar Bern da abokan aikinsa sun wallafa bincike kan baƙar kazar dutse, wato Tetrao tetrix. Tsuntsuwar takan haƙa rami cikin dusar ƙanƙara ta lafe don adana ɗumin jikinta. Duk sa'ad da mai sulu ya bar hanyar da aka shata ya tashe ta, sai ta ƙona ƙarfin da ɗan abincin hunturu ba zai mayar mata ba. Awon kashinta ya nuna hauhawar sinadarin da jiki ke fitarwa yayin takura. Hukumomin Suwizalan ba su hana wasan ba. Sun shata wuraren hutun namun daji, sun sa su a taswira, sun kuma hana ko taƙaita shigarsu da hunturu.

3.0 Yanayin Ƙasar Katsina

Damina a Katsina ba ta cika wuce wata huɗu zuwa biyar ba. Daga Nuwamba ciyawa ta bushe, tafkuna sun fara ƙafewa, gonaki sun zama fili fetal. Mafakar da ta rage wa zomo da fakara da zabon daji da gada ita ce gindin duwatsu irin na yankin Dutsin-ma da Safana, da kuma dajin Rugu. Nan kuwa mafarauta suke dosa.

Rema ta fi kowa nuna girman matsalar. Jikinta ba ya riƙe ɗumi sosai, shi ya sa da safiyar hunturu ake ganin remaye sun cure kan falalen dutse suna shan hantsi kafin su iya fita kiwo. Kiwon nasu gajere ne, a kusa da kogo. Idan haushin karnuka ya kora su cikin tsaguwar dutse, sun yi asarar ɗumi da kalaci a lokaci guda. Rema kuma takan ɗauki ciki fiye da wata bakwai, don haka garken da ya ragu ba ya saurin farfaɗowa. Cinna wa daji wuta don fito da nama ya fi muni, domin yana cinye abinci da maɓoya har zuwa saukar damina.

4.0 Doka da Al'ada

Dokoki suna nan: Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta 1963, da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985, da ƙa'idojin hana ƙunar daji na 2011 da hukumar NESREA ke kula da su. Rauninsu shi ne mai gadin daji ɗaya ba ya iya tare gayya. Al'ada kuwa ta daɗe da sanin iyaka. Bikin buɗin daji, wanda Guy Nicolas ya nazarta a ƙasar Maraɗi, shaida ne cewa akwai lokacin da daji yake rufe. Sarkin Dawa ke sa rana, shi ke zaɓar dajin da za a shiga, kuma mafarauta suna jin maganarsa.

5.0 Shawarwari da Kammalawa

Na farko, Masarautar Katsina da ma'aikatar muhalli ta jiha su haɗu da sarakunan dawa su ayyana wasu duwatsu da mashayar dabbobi a matsayin wuraren da gayya ba ta shiga. Na biyu, a riƙa juya dazuzzukan farauta shekara-shekara. Na uku, a haramta wuta a gayya, hukuncin kuma ya fito daga cikin ƙungiyar mafarauta. Na huɗu, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma su ƙidaya namun waɗannan duwatsu kafin da bayan keɓewar, don a auna tasirinta. Farauta gado ce mai daraja, kuma ɗorewarta ta rataya ga ɗorewar naman da ake bi.