Tsaunin Mambila: Yadda Sanyi Ya Tsara Tarihin Wata Ƙasa

Ga mutanen da suka saba da zafin kwarin Binuwai, irin mazauna Iware da ke kusa da Jalingo, tsaunin Mambila a kudu maso gabashin Jihar Taraba tamkar wata duniya ce dabam, domin tudu ne shimfiɗaɗɗe mai tsayin kimanin mita 1,600 daga doron teku, inda hazo ke rufe kwaruruka da sassafe, ciyawa kuma ta lulluɓe tuddai har iya ganin ido. A gefensa ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsayi a Najeriya da mita 2,419, a cikin gandun dajin Gashaka-Gumti da aka kafa a 1991. Ruwan saman da tsaunin ke sha shi ne ke ciyar da kogin Donga.

Sanyin tudun shi ne ya tsara tarihin wurin. Mambilawa manoma ne da suka daɗe a kan tudun, kuma a ƙarni na 19 sun sha fama da hare-haren masarautar Banyo, kafin Jamusawa su haɗa yankin da Kamaru. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koma hannun Ingila a matsayin ƙasar riƙon amana, har zuwa 1961 da aka yi ƙuri'ar raba gardama, Arewacin Kamaru, wanda tudun ke cikinsa, ya zaɓi shiga Najeriya, aka raɗa masa suna Lardin Sardauna, sunan da ƙaramar hukumar mai hedikwata a Gembu take ɗauke da shi har yau.

Da yake ƙudan tsando, mai sa wa shanu ciwon sammore, ba ya jure wa sanyin tudu, Fulani makiyaya sun yi ta haurawa da garkunansu a ƙarni na 20, daga baya kuma aka dasa gonar shayi a Kakara. Albarkar da ta jawo jama'a ita ce kuma ta haifar da takaddamar fili tsakanin manoma da makiyaya, wadda ta kai ga zubar da jini a 2017. Kyan tsauni ba ya ɗorewa sai da adalci wajen rabon ƙasarsa.