Ina Zazzaɓin Lassa Yake Kafin 1969?

A watan Janairu na 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka ɗauko wata dattijuwar nas Ba'amurkiya mai suna Laura Wine a jirgin 'yan mishan zuwa Jos. Tana aiki ne a asibitin Lassa, garin Margi da ke ƙaramar hukumar Askira/Uba ta jihar Borno a yau. An ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro, an yi mata allurai, ciwo sai gaba yake yi. Kwana ɗaya da isarta asibitin Bingham ta cika. Nas ɗin da ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, ta bi ta a watan Fabrairu. Ta uku, Lily Pinneo, ita ce aka garzaya da ita Niyok, kuma ta rayu. A jami'ar Yale aka ware ƙwayar cutar daga jinin da aka ɗiba a jikinsu, aka raɗa mata sunan garin da ta farkon ta fito.

Duk wanda zai ba da tarihin zazzaɓin Lassa daga nan yake farawa. To amma wa ya sa wa Laura Wine? Abin da ake yawan faɗa shi ne wataƙila ta ɗauka ne daga wata mai haihuwa da ta karɓa a asibitin. Matar ba ta da suna a labarin. Ba a ce ga ƙauyensu ba, ba a ce ga wanda ya kwanta a gidansu kafin ita ba, balle a faɗi irin hatsin da ke rumbunsu da abin da ke kwana a cikinsa. An san har ƙayar furen da ta soki yatsan Charlotte Shaw kafin ta goge bakin mara lafiyar, domin abokan aikinta sun rubuta. Na mutanen gari kuwa shiru. A ganina wannan shirun ya fi komai nauyi a cikin al'amarin, don shi ya sa cutar ta zo wa duniya kamar daga sama.

Ko a wajen da ake rubuta komai ma an bar giɓi. Jordi Casals, masanin da ke jagorantar aikin a Yale, ya kamu a tsakiyar 1969, aka cece shi da ruwan jinin Pinneo. A ƙarshen shekarar wani ma'aikacin ɗakin gwaji, Juan Roman, ya kamu ya mutu, alhali ba ya cikin masu taɓa ƙwayar. An bincika, ba a tabbatar da yadda ta iske shi ba. Yale ta dakatar da aikin, aka mayar da shi cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka da ke Atlanta.

Janairun 1970, daidai lokacin da yaƙi ke ƙarewa, cutar ta sake ɓullowa a Jos, a asibitin Evangel. Mutum 28 suka kamu, 13 suka mutu. Likitar asibitin, Jeanette Troup, ta yanke a hannu tana binciken gawa, ita ma ta rasu a watan Fabrairu. A wannan karon yawancin mamatan 'yan ƙasa ne. Da aka bi sawu, sai zaren ya tsaya a kan wata mai jego da ta zo daga Legas zuwa garinsu kusa da Jos, aka kwantar da ita a ɗaki ɗaya da sauran mata. Daga gare ta zuwa gaba ana iya zana hanya. Daga gare ta zuwa baya kuwa, nan ma sawu ya ɓace.

Hasken farko ya zo ne daga nesa. Da aka duba ƙwayar a madubin ƙara girma, sai aka ga tana kama da wata da ta addabi manoman Bolibiya a farkon shekarun 1960, wadda aka gano ɓeran gona ne ke ɗauke da ita. Aka fara zargin ɓera. Tabbacin bai samu ba sai 1972, lokacin da annobar ta faɗa wa Panguma a gabashin Saliyo. Thomas Monath da abokan aikinsa suka ɗana tarkuna a gidajen marasa lafiya, suka sami ƙwayar a jikin ɓeran da masana ke kira Mastomys natalensis, mai yawan nonuwa, mai yawan 'ya'ya. Shi ba ya ciwo. Yana yawonsa lafiya lau, yana zubar da ƙwayar a fitsari da kashi.

Samun ɓeran ya warware ƙulli ɗaya ya ɗaura wani. Wannan ɓera ba baƙo ba ne; tun da ake noma ake ajiya a Afirka yana nan tsakanin gona da ɗaki. In haka ne, me ya hana a ga cutar sai 1969?

Akwai masu tunanin sabuwa ce, wato ba ta daɗe da tsallakowa daga dabba zuwa mutum ba. Wannan bayani yana da daɗin ji, amma bai jure bincike ba. John Frame, likitan da ke kula da lafiyar 'yan mishan a Niyok, ya sa an gwada jinin waɗanda suka taɓa zama a Afirka ta Yamma suka yi wani mugun zazzaɓi da ba a gane ba. An sami alamar garkuwar Lassa a jikin wasunsu, har da wanda ciwonsa ya koma farkon shekarun 1950. A Segbwema ta Saliyo ma, wani likitan mishan ya rubuta labarin wani zazzaɓi mai kisa a tsakiyar shekarun 1950, wanda daga baya masana da dama suka ce siffofinsa na Lassa ne. Sai dai a lura: alamar garkuwa tana nuna mutum ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, ba ta faɗin yaushe. Danganta ta da wani ciwo na shekara goma sha da suka wuce hasashe ne, ko da kuwa mai ƙarfi.

Hujja mafi nauyi ta zo a 2015. Masana daga Amurka, Najeriya da Saliyo, ciki har da na asibitin ƙwararru na Irrua a jihar Edo da na asibitin Kenema a Saliyo, suka karanta ƙwayoyin halittar cutar daga samfura kusan 200. Dabarar ita ce, ƙwayar tana sauyawa kaɗan-kaɗan duk lokacin da ta hayayyafa; in ka ƙirga bambancin da ke tsakanin dangoginta, kana iya kintatar tun yaushe suka rabu. Lissafinsu ya nuna asalinta a ƙasar da ake kira Najeriya yau ne, fiye da shekara 1,000 da suka wuce, kuma ta yi yamma ne cikin 'yan ɗaruruwan shekarun baya. Lissafin ya dogara ne a kan zaton cewa saurin sauyin bai canza sosai ba a tsawon zamani, don haka ban ɗauki adadin a matsayin ranar haihuwa ba. Amma ko an rage rabinsa, ya isa ya rushe batun sabuwar cuta.

Ke nan tsohuwa ce da ta yi ta ɓuya. Ɓuyar ba ta da wuyar fahimta. Kusan mutum 8 cikin 10 da suka kamu ba sa jin komai, ko su yi ɗan zazzaɓi ya wuce. Wanda ta kama da ƙarfi kuwa, farkonta ba ya bambanta da maleriya ko taifot: zafin jiki, ciwon kai, kasala, ciwon maƙogwaro. Zubar jinin da aka fi saninta da shi ba kowa ke kaiwa gare shi ba. Manomi ya kwanta da rani, an jiƙa masa saiwa, an sayo ƙwaya a kemis, mako biyu ya cika; a ce zazzaɓi ne, kwana ya ƙare. Mai ciki ta rasu a watanninta na ƙarshe, a ce haihuwa ce ta zo da gardama. Asibiti ne ya tona asirin cutar, domin a nan ne ake tara marasa lafiya ɗaki ɗaya, ana taɓa jini, kuma a nan ne mutuwar ma'aikata biyu a jere take zama abin tambaya.

Duk da haka akwai abin da ke tsaya mini a rai. Lassa tana barin tambari: kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tashi daga ciwon suna samun matsalar ji, wasu har abada. Babban mutum da ya kurumce bayan zazzaɓi ba abin da jama'a za su kasa lura da shi ba ne. Kakanninmu sun bambanta agana da ƙyanda, sun san sanƙarau da lokacinsa. Me ya sa wannan ba ta yi fice a bakinsu haka ba? Mai yiwuwa ta shige cikin inuwar sanƙarau, wanda shi ma yakan zo da rani ya bar kurame. Mai yiwuwa kuma ba ta kai yawan da take da shi yanzu ba. Tsofaffin da za a tambaya a 1970 ba a tambaye su ba yadda ya kamata, yanzu kuwa sun tafi da amsar.

Sai kuma rikicin taswira. Ɓeran yana ko'ina kudu da Sahara, har Afirka ta Kudu, amma cutar ta tsaya a yamma. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne ɓeran suna ɗaya ne amma dangi-dangi ne, kowane dangi da ƙwayar da ta saba da shi: na Mozambik yana ɗauke da Mopeia, na Tanzaniya Morogoro, kuma ba a san su da kashe mutane ba. Wannan ya yi bayanin gabas da kudu. Bai yi bayanin tsakiya ba. Cibiyoyin cutar biyu ne, Najeriya a gefe guda, Saliyo da Gini da Laberiya a ɗaya gefen, kuma shekaru da dama ana ganin Binin da Togo da Gana kamar ta tsallake su. Ta yaya ƙwayar da ke tafiya da ƙafar ɓera za ta yi irin wannan tsalle? Wasu sun ce mutane ne suka kai ta, ta jiragen ruwa ko ƙaurar jama'a. Wasu sun ce ba ta tsallake kowa ba, gwaji ne babu. Ɓullarta a Tanguieta ta arewacin Binin a 2014 da Togo a 2016 ta ƙarfafa na biyun. Sannan a 2016 aka ba da rahoton samun ƙwayar a wasu nau'o'in ɓeraye daban a Najeriya da Gini, abin da ya nuna wanda aka kama a Panguma ba shi kaɗai ne mai laifi ba.

Tambayar ta dawo da sabuwar riga a 2018, shekarar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, ta tabbatar da kamuwar mutum sama da 600. A 2020 adadin ya haura 1,100. Edo da Ondo ne kan gaba, daga baya Bauchi da Taraba suka shigo sahu. An ji tsoron ko ƙwayar ta rikiɗe ta fara yawo tsakanin mutane. Nazarin ƙwayoyin halitta ya ce a'a: yawancin marasa lafiyan kowa daga nasa ɓeran ya ɗauka. To ƙaruwar fa? Ɗakunan gwaji sun ƙaru, likitoci sun fara zargi da wuri, wannan gaskiya ne. Amma gonaki ma sun ci daji, ana ƙona ciyawa bayan kaka ɓeraye su yo gida, ana shanya hatsi da rogo a bakin titi su kwana a fili, yara suna farautar ɓera su gasa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Raba kason gwaji da kason gona yana buƙatar sanin yawan masu kamuwa a da, kuma ba a ƙirga ba. Hatta adadin da ake ta maimaitawa, na mutum 100,000 zuwa 300,000 da mutuwar kimanin 5,000 a shekara, kintace ne da aka gina a kan binciken da aka yi a ƙauyukan Saliyo a shekarun 1980.

Ko hanyar da ƙwayar ta fi bi daga ɓera zuwa mutum ba a gama tantancewa ba: abincin da ya yi wa fitsari ne, ƙurar shara ce, ko fiɗar namansa? An gwada a aikace a ƙauyukan yankin Faranah na Gini, inda aka yi shekaru ana zuba gubar ɓera a gidaje duk rani. Ɓerayen sukan ragu sosai, amma cikin 'yan watanni sai su dawo yadda suke, daga gonakin da ke kewaye da gari.