DAGA SARKIN ƘOFA ZUWA KWAƊO: TARIHIN KULLE A BIRNIN KADUNA

Gabatarwa

Duk wanda ya baro gida ya zauna a birni, da wuya a laluba aljihunsa a rasa tarin makullai: na ƙofar gida, na ɗaki, na shago ko ofis, har da na gidan da ya gina a garinmu wanda ba ya buɗewa sai da salla ko biki. Da yawa daga cikin kakanninmu kuwa sun yi rayuwarsu sun gama ba su taɓa rataya ko ɗaya ba. Cikin shekara ɗari da 'yan kai aka sami wannan sauyi, kuma babu inda ya fi fitowa fili kamar Kaduna, birnin da da yawanmu ke neman abinci a cikinsa. Wannan maƙala za ta bi sawun kulle tun daga ƙofar gari har zuwa kwaɗon da ke rataye a ƙyaurenmu, domin mu san abin da yake iya tsare mana da kuma inda ƙarfinsa ya ƙare.

Zamanin ganuwa

A ƙasar Hausa ta dauri, gari ake kullewa gaba ɗaya. Kowane babban birni yana da ganuwa da ƙofofi, kowace ƙofa kuma tana da Sarkin Ƙofa, wanda ya san mai shiga da mai fita. Zariya, wadda Kaduna ke zaune a ƙasarta, har yau tana riƙe da sunayen nata, irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Tukur-Tukur. Lokacin da Baturen nan matafiyi Hugh Clapperton ya shiga Kano a 1824, ya ƙirga ƙofofi 15, ya kuma bayyana cewa ƙyaurensu na itace ne da aka lulluɓe da ƙarfe, ana buɗe su da hudowar rana, a rufe su da faɗuwarta. Wasu daga cikin tsofaffin ƙyauren Kano suna nan ajiye a Gidan Makama.

A cikin gida kuwa, zaure ne matakin tsaro na farko, domin baƙo ba ya wuce shi sai da izini. Ɗakuna da yawa asabari ko tufaniya ce kawai a bakinsu, mai ƙyaure kuma sakata yake zurawa daga ciki. Wannan ba ya nufin babu sanin kulle a Afirka ta Yamma. Dogon da Bambara na ƙasar Mali sun daɗe suna sassaƙa kubar itace ta ƙofar rumbu, mai 'yan ƙusoshi da ke faɗawa cikin sakata su riƙe ta. Maƙeran Buzaye na yankin Agadas suna ƙera kwaɗo na ƙarfe da tagulla don jakunkunan fata, wani ma ba ya buɗuwa sai da mabuɗi fiye da ɗaya. Sai dai ga talakan birni, ganuwa da idon maƙwabta su ne makullinsa.

Birni marar ganuwa

Kaduna ta tashi a kan wani tsari dabam. Turawan mulkin mallaka ne suka zaɓi wurin saboda kogi da hanyar jirgin ƙasa, wadda ta isa Kano a 1911. Sojoji suka fara tarewa a 1913, sannan a 1917 aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru. Ba a yi mata ganuwa ba, ba a naɗa mata Sarkin Ƙofa ba. Jama'a suka yi ta kwararowa daga kowace kusurwa: leburorin jirgi, akawuna, masinjoji, 'yan kasuwa da tsofaffin sojoji. Unguwannin arewacin kogi, irin su Tudun Wada da Unguwar Shanu da Unguwar Rimi da Kawo, suka yi ta cika. Da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri a 1957, sai kwararar ta ƙaru.

A nan ne mutanenmu suka fara sanin gidan haya, inda ɗaki goma ke da magidanta goma, kowa da garinsu da harshensa. Mutum ya fita aiki da safe, babu uwa ko ƙane da zai bar wa ɗaki, maƙwabcinsa kuma jiya ya tare. Dole kowa ya zama Sarkin Ƙofar kansa. Kantunan Turawa irin su John Holt da UAC suka wadata kasuwa da kwaɗo da kuba da adaka, akasarin makullan kuwa daga Ingila suke, musamman yankin Willenhall da Wolverhampton, cibiyar wannan sana'a a can. Daga baya ƙirar ƙasar Sin mai rahusa, irin su Tri-Circle, ta mamaye kasuwanninmu.

Gasar mai ƙerawa da mai buɗewa

Waɗannan makullai da suka sauka a kantunan Kaduna sun zo ne da dogon tarihin gasa a bayansu. A 1784 wani maƙerin Landan mai suna Joseph Bramah ya ƙirƙiro kuba mai wuyar sha'ani. Ya rataya kwaɗo irinta a tagar kantinsa, tare da alkawarin fam 210 ga duk wanda ya buɗe ta ba da mabuɗinta ba. Aƙalla shekara 50 tana nan babu wanda ya ci kuɗin. A 1818 kuma Jeremiah Chubb ya fito da tasa mai tona asiri: idan aka yi mata shisshigi da baƙon ƙarfe sai ta cije, ta ƙi motsi, har mai ita ya zo ya gane an taɓa masa ƙofa.

Turawan Ingila suka saki jiki, suna ganin an gama da ɓarawo. Ana nan sai a 1851, lokacin babban baje kolin duniya na Landan, wani Ba'amurke mai suna Alfred Charles Hobbs ya buɗe kubar Chubb cikin ƙasa da rabin sa'a a gaban shaidu. Ya koma kan ta Bramah, ya yi ta fama da ita sa'a 51 a cikin kwana 16, har ta sallama. Hankalin masu bankuna ya tashi, aka shiga muhawara: shin ya dace a riƙa bayyana raunin makulli a bainar jama'a? Masu goyon baya suka ce ai ɓarayi sun riga sun sani, mai gida ne kaɗai ke cikin duhu. Tun daga wannan shekara masana suka daina auna makulli da cewa ba ya buɗuwa, suka koma auna shi da tsawon lokacin da zai iya jurewa.

Abin da ke cikin kwaɗo

Mafi yawan kwaɗon da muke saye a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko Kasuwar Barci jikokin ƙirar Linus Yale ƙarami ne, Ba'amurken da ya yi rajistar fasaharsa a 1861 da 1865. A cikinsa akwai zuciya ta tagulla wadda dole ta juya kafin ya buɗe. A samanta an huda ramuka, galibi huɗu zuwa shida, kowane rami da 'yan ƙusoshi biyu, ɗaya bisa ɗaya, sifirin yana danne su. Muddin babu mabuɗi, ƙusoshin sama suna gicciye tsakanin zuciya da gangar jiki, sun hana juyi. Haƙoran mabuɗin gaskiya suna ɗaga kowace ƙusa daidai gwargwado, har mahaɗar ƙusoshin duka ta daidaita da bakin zuciyar, sai ta juya.

A lissafi, ƙusa biyar mai matakan tsawo goma-goma za ta ba da mabuɗai 100,000 mabambanta. Amma masana'antar da ke neman araha kaɗan take amfani da su daga ciki, shi ya sa wani lokaci mabuɗin maƙwabci kan buɗe kwaɗonka. Rauni na biyu shi ne babu injin da ke huda ramuka a kan layi ɗaya cif. Ɗan bambancin da ido ba ya gani ya isa ƙwararren hannu ya riƙa jin ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya. Idan aiki ya yi sakwa-sakwa, tsagar takan yi faɗi, kuma masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Makullan ƙasaita an yi su ne don toshe wannan tsaga. A 1907 Emil Henriksson na ƙasar Finlan ya ƙirƙiro tsarin da ya zama Abloy, wanda ke amfani da 'yan faya-fayai masu juyawa maimakon ƙusoshin da sifirin ke dannewa, shi ya sa ƙura irin ta hunturunmu ba ta cika damunsa ba. Kamfanin Medeco na Amurka, wanda aka kafa a 1968, ya sa dole a ɗaga kowace ƙusa a kuma murɗa ta zuwa wata kusurwa kafin wata sakata ta gefe ta saki. Bugu da ƙari, irin waɗannan kamfanoni ba sa barin ɗanyen mabuɗinsu ya yawaita a kasuwa, don kada kowa ya yanko kwafi.

A Turai da Amurka har akwai masu buɗe makullai don sha'awa. Ƙungiyarsu ta Jamus ta kafu a 1997, akwai irinta a Holan, suna shirya gasa. Ƙa'idarsu ita ce mutum ba ya taɓa makullin da ba nasa ba sai da yardar mai shi. Su ne magadan Hobbs, kuma raunin da suke tonowa ya sha tilasta wa kamfanoni gyara ƙirarsu.

Ƙofar gari ta dawo

A Kaduna, ɓarawo ba ya cika ɓata lokacinsa a kan zuciyar kwaɗo. Yakan yanke wuyansa, ko ya ɓanɓare marfin da aka rataya shi, ko ya fasa silin ya dira. Sau da yawa ma da mabuɗin gaskiya ake shiga, wanda ya kwana a hannun wani aka yanko ɗan uwansa, domin da ɗan gari akan ci gari. Amsar da muka bayar ita ce ƙarin ƙarfe. Maƙera da masu walda na Tsohuwar Panteka, kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, suka duƙufa ƙera ƙofofin ƙarfe da ragar taga. Katanga ta yi tsawo, aka ɗora mata fasassun kwalabe da waya mai ƙaya. Bayan rikice-rikicen 2000 da 2002, waɗanda suka sa jama'a da yawa sauya matsuguni tsakanin arewa da kudancin kogi, zaman ɗar-ɗar ya ƙaru. A layuka da dama mazauna sun yi karo-karo sun kafa ƙofa a bakin layi, sun ɗauki maigadi ko 'yan sintiri, ana rufewa da dare a buɗe da asuba. Wato birnin da aka gina ba ganuwa ya komo kan dabarar Ƙofar Doka da ƙafarsa.

Kammalawa

Tarihin nan yana nuna mana cewa makulli lokaci yake saya wa mai gida, kuma lokacin ba shi da amfani idan babu wanda zai ji motsi ya fito. Saboda haka akwai abubuwan da ya kamata mu kula da su. Wanda ya gina gida a garinmu ya dawo birni, ya fi masa alheri ya sa ɗan uwa amintacce a ɗaki ɗaya da ya rataya kwaɗo uku a kango. Mai tarewa a gidan haya ya sauya kuba tun ranar farko, domin bai san yawan mabuɗan da ke yawo ba. Mai sayen kwaɗo mai tsada ya fara duba ƙyaure da marfi, kada ƙarfin ya tsaya a wuri ɗaya. Ma'ajiyar jama'a, ta makaranta ce ko ta asibiti ko ta ƙungiya, a yi mata makulli biyu a hannun mutum biyu, kamar yadda bankuna ke yi. Sannan kada mu manta ƙofar ƙarfe da ragar taga sun sha tare mutane a ciki lokacin gobara, don haka kowa a gida ya san inda mabuɗi yake kwana.

Daga ƙarshe, muna kira ga masu hali daga cikinmu su tallafa wa matasanmu da ke koyon ƙira da walda su zurfafa a ilmin makullai, domin sana'a ce mai buƙatar basira da riƙon amana, kuma kasuwarta ba ta mutuwa. Allah Ya tsare mana gidajenmu na birni da na gida, Ya bar zumunci.