Gajimaren wuta: yadda ake zana taswirar wuraren da zai iya kaiwa

Gajimaren wuta, wanda masana a Faransa ke kira "nuée ardente", gaurayen iska ne mai tsananin zafi da toka da tsakuwa da manyan duwatsu, da ke gangarowa daga dutse mai aman wuta yana bin ƙasa. A ido ya yi kama da ƙurar da ke tasowa gaban hadarin farkon damina, sai dai zafinsa kan kai digiri 200 zuwa 700, gudunsa kuma yakan wuce kilomita 100 cikin sa'a guda. Narkakken dutsen da aka saba gani a talabijin yawanci malala yake a hankali, mutum na iya kwashe iyalinsa ya bar masa gida. Gajimaren wuta ba a tsere masa. Wanda zai tsira sai ya bar wurin tun kafin ya taso, shi ya sa hukumomi ke buƙatar taswirar da ke nuna iyakar inda zai iya kaiwa.

Duniya ta san ƙarfinsa ne a tsibirin Martinik na Faransa, a yankin Karibiyan. Ranar 8 ga watan Mayu na 1902, wajen ƙarfe 8 na safe, gajimare ya sauko daga dutsen Pelée ya rufe birnin Saint-Pierre, mai tazarar kilomita 7 daga ƙololuwar dutsen. Mutane wajen 28,000 suka mutu cikin ƴan mintoci. Cikin ƴan tsirarun da suka rayu har da wani ɗan kaso, Louis-Auguste Cyparis, wanda kaurin bangon ɗakin da aka kulle shi ya kare. Masanin duwatsu Alfred Lacroix, da aka aiko daga Faransa, shi ya yi nazari mai zurfi a kan abin da ya faru.

Aikin taswira daga haƙa ƙasa yake farawa. Duk gajimaren da ya taɓa wucewa yana barin shimfiɗar toka da gawayin itatuwan da ya ƙona. Masana na bin kwaruruka suna auna kaurin wannan toka, su kai gawayin ɗakin bincike a gano shekarunsa, ta haka su san sau nawa dutsen ya yi aman wuta da nisan da kowane gajimare ya kai. Daga nan sai a duba yanayin ƙasa, domin ɓangaren gajimaren mai nauyi kwari yake bi kamar ruwan kore. Akwai wani tsohon lissafi mai sauƙi da ke kwatanta tsayin da gajimare ya sauko da nisan da ya yi tafiya, a zana da'ira kewaye da dutsen. Yanzu kuma ana gwada hanyoyin da zai iya bi cikin kwamfuta, da manhajoji irin su VolcFlow na Clermont-Ferrand a Faransa da Titan2D na jami'ar Buffalo a Amurka. A ƙarshe a raba yankin kashi-kashi da launuka, daga inda ba a so a gina ko rumfa zuwa inda toka kawai za ta zuba.

Inda taswira ta fi samun cikas shi ne ɓangaren gajimaren maras nauyi, wanda kan rabu da kwari ya haye tudu. Irin wannan ne ya kashe mutum 43 a dutsen Unzen na Japan ranar 3 ga Yuni na 1991, cikinsu har da Katia da Maurice Krafft, mata da miji Faransawa da suka shafe shekaru suna ɗaukar hoton aman wuta. A dutsen Merapi na Indunusiya, a 2010, gajimare ya bi kwarin Gendol ya yi kusan kilomita 15, ya wuce iyakar yankin da taswira ta ware a matsayin mafi haɗari. Hukumomi sun riƙa faɗaɗa da'irar kwashe jama'a har kilomita 20, abin da ya ceci dubbai, duk da haka sama da mutum 300 sun rasu.

Faɗaɗa layi ma yana da nasa tsada. A 1976 an kwashe mutane fiye da 70,000 daga kewayen dutsen Soufrière na Gwadalup, suka yi watanni nesa da gidajensu da gonakinsu, babban aman da ake tsoro bai zo ba. Masana biyu, Haroun Tazieff da Claude Allègre, sun yi ta sa-in-sa a bainar jama'a kan ko matakin ya dace.

A Martinik, cibiyar da ke sa ido kan dutsen Pelée tana aiki da matakan gargaɗi huɗu: kore, rawaya, ruwan goro da ja. A watan Disamba na 2020 an ɗaga matakin zuwa rawaya, bayan ƙananan girgizar ƙasa sun ƙaru a cikin dutsen. Saint-Pierre, da aka sake ginawa a kan kufan tsohon birnin, na da mazauna kimanin 4,000 a yau.